Yadda Saurar Kawuna Ta Zama Sauran Fili

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon a ba ni dama a wannan shafi, a kuma sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, wani ma daga cikinsu har yau ana miƙe masa tsaye idan ya shigo taro. A lokacin da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, ni matashi ne da bai daɗe da gama karatun tsara birane ba. Ina haya a ɗaki guda a Sabon Gari, ba ni da komai sai tsohon babur da tabbacin cewa ilimin da na karanto zai hana garinmu bunƙasa kara zube, ba magudanar ruwa, ba hanyar da motar kashe gobara za ta bi. Ma'aikata suna ta kwararowa daga Sakkwato, gidan haya ya yi wuya, kowa na neman fuloti. Ana cikin haka wani kamfanin ƙwararru ya sami aikin binciken yadda ake amfani da ƙasa a kewayen Gusau da gefen Tsafe da Bunguɗu, don a san inda gari zai faɗaɗa. Suka ɗauke ni saboda ni ɗan ƙasa ne, mutanen karkara za su saki jiki da ni. A wancan lokaci yabo na ɗauki wannan magana.

Aikin ba shi da sarƙaƙiya. Zan shiga ƙauye da taswira, in taka ƙasa da ƙafata, in tambayi masu ita, in rubuta da fensir abin da ke kowane wuri: nan gona, nan fadama, nan burtali, nan maƙabarta. Idan na kai ofis sai masu zane su shafa launi, gona kore, gidaje ja. Wurin da ba shi da mai shi kuma ba a amfani da shi, sai a bar shi fari. Farin nan shi ne za a yanka fulotai a cikinsa ba tare da an nemi kowa ko an biya shi diyya ba. Shugaban aikinmu dattijo ne, Bahaushe, mai fara'a, wanda ba ya gajiya da faɗa mana cewa shi ɗan manomi ne, da fartanya a hannu ya girma kafin boko ya ɗauke shi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan.

Cikin ƙauyukan da aka tura ni akwai na su mahaifiyata, a gefen Gusau ta hanyar Bunguɗu. A can yayanta yake, kawuna, wanda a gidansa nake yin hutun makaranta tun ina ƙarami. Da mutanen garin suka gan mu da takarda da igiyar awo sai suka ɗauke wuta, wanda ka tambaya gonar wa ce wannan sai ya ce shi ma baƙo ne. Ni na tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar na rantse musu cewa wannan takarda kariya ce, duk abin da aka rubuta da sunan gona ba mai taɓa shi. Ɗan kawu, taubashina, wanda ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, shi ya fara sassauta taron. Ya ce a bar ɗan birni ya yi aikinsa, ai wanda bai iya riƙe galma ba dole ya riƙe fensir, ya kuma roƙe ni in zana masa kwalta har ƙofar ɗakinsa. Na ce juji zan zana masa a wurin, don ya sami maƙwabcin da ya dace da shi. Aka yi dariya, mutane suka fara magana.

Washegari kawu da kansa ya zagaya da ni. Gonaki biyu gare shi. Ɗaya tana cike da dawa da wake. Ɗayar, wadda ta fi girma, a bakin hanya take, ba komai cikinta sai ciyawa da gamba da itatuwan ɗorawa, da shanun wani makiyayi abokinsa da ke sauka a ciki kowace shekara, su ci ciyawa su bar masa taki. Kawu ya nuna mini iyakokinta ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan saura ce, ta gaji ne ya bar ta ta huta, baɗi idan Allah Ya kai mu zai koma mata ya hutar da 'yar'uwarta. Duk wanda ya tashi a karkara ya san saura, gonar da aka bari ta huta don ta maido da ƙarfinta. Na sa fensir na rubuta kalma ɗaya a wurin: saura. Ban ƙara komai ba, don ban ga abin da ke buƙatar ƙari ba.

Daga nan aka tura ni Tsafe, na yi makonni a can. Na dawo ana gab da gabatar da sakamakon binciken ga manyan da suka ba da aikin. A zauren taron aka rataye taswirar a bango, ni kuma kamar kowane ɗan adam na fara laluben inda na sani. Gonar dawar kawu kore ce. Ta bakin hanya fara ce fat. Shugabanmu ya ɗora sandarsa a kanta, ya ce wa taron wannan yanki sauran fili ne da ba a amfani da shi, kuma mazauna wurin da bakinsu suka tabbatar wa jami'inmu haka. Ya nuna ni, aka waiwayo aka dube ni. Edita, ban gyara masa ba. Na gaya wa kaina cewa kuskuren masu zane ne, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya gyara wa shugabansa magana a gaban baƙi.

Bayan taro na same shi a ofis na yi masa bayani cikin ladabi. Ya tambaye ni me na rubuta da hannuna. Na ce saura. Ya ce to, ai kowane Bahaushe ya san saura shi ne abin da ya rage. Na ce, ranka ya daɗe, kai ɗan manomi ne, ka san bambancin saura ce da saura ne, ka san saurar mutum daban, sauran fili daban. Sai ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce yaro, taswira ba ta san mace da namiji ba. Ya ce waɗanda suka ba mu aiki fili suke nema a bakin hanya, kuma ƙwararre shi ne wanda ke samo abin da aka aike shi nema. Da ya ga ban fita ba sai fara'ar ta gushe, ya tuna mini cewa idan an yi kuskure, rubutun nawa ne, ba nasa ba. A nan na gane ba wanda ya yi kuskure. Ya san kalmar sarai, sanin nata ne ma ya sa ya ga ƙofar da ke cikinta. Na koma na duba sauran taswirorin, na tarar duk inda na rubuta saura, daga gefen Bunguɗu har Tsafe, an bar shi fari. Da bakina aka buɗe wa mutane ciki, da hannuna aka yanke su.

Na bi ofis-ofis, kowa na cewa an riga an amince da tsarin. A nan na yi wautar da ta fi ta farko: ban je na gaya wa kawu ba. Kunya ta hana ni, ina ta cewa bari in gyara tukuna. Da na je a kan lokaci, da ya sa garma ya kafta gonar, ya zuba iri da ruwan farko, duk wanda ya zo awo ya tarar da shuka a tsaye, ko ba komai a zauna da shi a yi magana. Ina can ina rubuta ƙorafi da Turanci mai kyau, safiyo mai awon ƙasa ya sauka ƙauyen da farkon damina, aka kafa turakun siminti a saurar kawu daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Mahaifiyata ce ta aiko aka kira ni, ta ce in je in dubi yayanta ido da ido, ita ba za ta iya ba. Na same shi zaune a gindin ɗorawa, turaku sun kewaye shi. Bai zage ni ba, da ma ya zage nin. Ya tambaye ni ko a karatun da na yi, hutar da ƙasa laifi ne. Na ce a'a. Ya ce to, idan mutum ya kwanta barci, a wurinku sai a raba gadonsa ke nan? Da muka koma gida taubashina ya fito ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa a kwanon baƙi, ya durƙusa ya gaishe ni da Malam da ranka ya daɗe, ya tambayi gajiyar hanya. Na jefa masa tsokana don ya rama, ya ce Allah Ya ba Malam haƙuri. Tun daga ranar bai sake yi mini wasa ba.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne abin da ya biyo baya. An sare ɗorawar. Fulotan sun faɗa hannun mutanen da ke da gidaje a Damba da wasu unguwanni, da yawansu katanga kawai suka zagaya suka tafi suna jiran ƙasa ta yi tsada. Shekaru wurin yana zaune ba gini ba shuka, amma ba wanda ya kira shi sauran fili, domin yanzu mai shi yana da takarda. Gonar kawu ɗaya tilo ta ci gaba da shan noma ba hutu har ciyawar wuta-wuta ta cinye ta, rumbun da ke kai su wata kaka ya koma ƙarewa tun kafin damina ta yi nisa. Makiyayin ya rasa masauki, shanunsa suka fara kutsawa gonakin mutane, abokantakar da aka gada tun kakanni ta koma ƙara a gaban mai gari. Labari ya bazu, manoman yankin suka daina barin saura, ko ƙasa ta gaji sai a ɗan warwatsa mata iri don kada wani mai fensir ya gan ta fara. Shi kuwa rahoton binciken namu, na ji da kunnena ana yabonsa a taron ƙwararru, wai abin koyi ne wajen jin ta bakin al'umma. Na ajiye aikin kamfanin, amma ajiyewar ba ta cire turke ko ɗaya ba.

Ban bar sana'ar ba, kuma har yau na yarda gari yana buƙatar tsari. Abin da na daina yarda da shi shi ne cewa taswira ba ta ƙarya. Tana faɗin abin da mai launi ya ga dama ne, kuma kalmar da talaka ya furta a gonarsa tana iya isa ofis da wata ma'ana, ba don an kasa fahimtarta ba. Ga ƙannena masu shigowa wannan aiki, idan an ce an ɗauke ka don mutane sun yarda da kai, ka tambayi kanka me za a yi da yardar. Kada ka rubuta kalma ɗaya inda ake buƙatar jimla, ka rubuta gonar wane ce, yana hutar da ita, zai dawo mata. Idan ka ga an murɗe magana a gaban taro, a gaban taron za ka gyara, domin ladabin da na yi ranar nan bai amfani kowa ba sai wanda ya yi murɗiyar. Idan kuma abu ya riga ya lalace, mai ƙasa za ka fara gaya wa, ba ofis ba.

Ku kuma iyayenmu na karkara, duk wanda ya zo muku da takarda, ko ɗan cikinku ne, kada ku bar shi ya tashi sai ya karanta muku abin da ya rubuta, ku kuma aika wani ya bi sawun takardar har ya ga launin da aka shafa mata. Kawu bai yi haka ba saboda ni ne na zo. Da baƙo aka turo masa, da bai nuna masa ko iyaka ɗaya ba.