Sunan da Aka Kira Sau Ɗaya

Kakata Hannatu ba gwanar tatsuniya ba ce, gara in faɗi gaskiya tun da wuri. Kakannin wasu sukan yi kukan kura, su maƙe murya, su tashi su taka rawa. Tawa kuwa wuni take yi da yara talatin a kanta, saboda haka kafin magariba muryarta ta ƙare. Idan an sauke tuwo sai ta jawo kujerarta bakin murhu, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura wajen garwashi, mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙannena biyu. Ba ta buɗewa yadda kowa ke yi. Cewa take, "Ga ta nan, in kuna so. In ba ku so ma ni kun hutasshe ni."

Mu mutanen Zuru ne. Aikin asibiti ya kai babana Kalgo a farkon shekarun saba'in, ya tafi da mahaifiyarsa don ba ta da kowa a gida. Kiristocin garin a lokacin ba su fi a ƙirga su da yatsu ba: malaman asibiti, 'yan sanda, leburorin hanya, da iyalansu. Cocinmu ɗaki ɗaya ne na laka. A bayansa akwai rumfar zana, kuma a wannan rumfa Kaka ta buɗe makarantar ƙananan yara, waɗanda ba su isa shiga firamare ba. Matan zumuntar coci ne suka ɗora mata, don ita kaɗai ce tsohuwar da ta iya karatu, kuma a ganinsu ba ta da aikin yi. Ta riƙe musu wannan magana a rai har ta mutu.

Tatsuniyoyinta gajeru ne, rabi takan manta. Amma akwai labari ɗaya da ba ta taɓa ɓata ko kalma a cikinsa ba, shi ne labarin makarantar. Ba ma son sa, don babu dodo babu abin dariya. Ita kuwa duk ranar da ta fi gajiya shi take ɗaukowa.

Takan fara da yara bakwai na farko, da allunan da babana ya yanka daga katakon akwatin magani ya shafa musu baƙin fenti, da 'ya'yan tsamiya da ake koyon ƙirge da su. Sai ta zo kan ranar da mai unguwa ya aiko a kira ta, don ya ji an ce 'ya'yan Musulmi sun fara leƙa rumfar. Ta ce masa baƙi da ƙirge kawai za ta koya musu, lokacin addu'a kuma za ta tura su gindin dogonyaro su yi wasa. Ya ce shi ke nan, amma zai sa ido. Ya sa ido wata shida bai ga komai ba, har jikarsa ta fara zuwa.

Daga nan sai masu nono. Matan Fulani ne daga wajen Dangoma, suna shigowa gari da ƙwarya a ka, da yara biye da su cikin rana. Kaka ta ce su riƙa barin yaran a rumfa, in sun gama talla su ɗauka. Biyar suka yarda. Cikinsu akwai Adama, doguwa marar magana, da 'yarta ta fari mai shekara huɗu. Sunan yarinyar Habsatu, amma ba daga bakin uwar Kaka ta ji shi ba, wata abokiyar tallarta ce ta faɗa.

"Yarinya mai kai," in ji Kaka. "Sati biyu ta ƙirga ashirin. Amma uwar ko kallonta ba ta yi. Kowace uwa in ta zo, ɗanta ya ruga ta ɗauke shi. Wagga ta rugo, Adama ta kau da kai. Sai dai ta ce mini, 'Inna, waccan ta ci abinci?' Waccan! Ɗiyar da ta haifa."

Kaka ba baƙuwar alkunya ba ce. Ta san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ta kuma san Fulani sun fi kowa riƙon abin. Ta ma ji cewa yarinyar sunan uwar mijin Adama ta ci, kunya ta zama biyu ke nan. Duk ta sani. Amma kullum tana ganin yarinyar tsaye da hannu a miƙe ba wanda ya karɓa, sai ta ɗauki al'adar a matsayin ciwo, ta ɗauki kanta mai magani.

Ƙarshen shekara aka yi taron iyaye a rumfar. Kaka ta shirya cewa kowace uwa za ta fito ta kira ɗanta da suna, ta miƙa masa alewa, ta rungume shi. Don Adama ta ƙirƙiro tsarin duka, ba ta gaya wa kowa ba. Da layi ya zo kanta, Adama ta sunkuyar da kai ta ce a wuce ta. Kaka ta ce ba a wucewa. Adama ta ce ƙawarta ta kira a madadinta. Kaka ta ce uwa ake so. Mutane suka zuba ido, ga matan zumunta, ga mai unguwa, ga sauran masu nono da ƙwaryoyinsu a ajiye. Kaka ta kama hannun Adama tana dariya, tana cewa, "Haba ɗiyata, suna ne fa, ba wuta ba." Sau uku tana matsa mata. A na ukun Adama ta buɗe baki ta kira sunan, can ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta waiwayo. Matan Fulani suka rufe baki da gefen mayafi. Matan zumunta suka yi tafi.

Adama ba ta jira alewa ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, yarinyar na bin ta a baya. Washegari babu ɗan Fulani ko ɗaya a rumfar. Ba su sake zuwa ba, kuma nono ma sai an bi su kasuwa ake samu, don sun daina biyowa ta layinmu.

A nan labarin yake tsayawa kullum. Mu ce, "Kaka, sai me?" Ta ce, "Sai ba komi. Ina jiran in gan ta in roƙe ta gafara, ta maido mini yarinyar. Ƙurunƙus, wuta ta mutu, ku tashi." Shekara da shekaru tana tambayar duk mai nonon da ta gani. Suna gaishe ta da ladabi, su ce ba su san inda Adama ta koma ba. Ta san sun sani.

Ina aji biyar a firamare wata tsohuwa ta tausaya mata, ta ce rugar su Adama ta tashi tuni, suna wajen Dodoru a ƙasar Gwandu. Babana ya ce tafiyar ta fi ƙarfin ƙafarta. Kaka ta ce ƙafarta ce, ba tasa ba. Ya ɗauki hutun kwana biyu ya raka ta, suka shiga mota zuwa Gwandu, daga can aka ɗora ta a jaki. Ta tafi da sabulu da goro da wani littafin koyon karatu, wai yarinyar ta isa ta karanta shi yanzu.

Da suka dawo ba ta ci tuwo ba. Ta zauna bakin murhu kamar kullum, da littafin a cinyarta. Ba mu roƙe ta labari ba, ita ta fara, kuma ba ta ce ga ta nan ba.

Ta ce Adama ta gane ta tun daga nesa, ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura. Suka gaisa, suka tambayi shanu da ruwan sama. Kaka ta yi ta neman yarinyar da ido ba ta gan ta ba, kuma wannan karon ba ta yarda ta kama sunan ba. Ta ce, "Ina mutuniyata?" Adama ta ce ƙyanda ta shigo ruga damina biyu da suka wuce, ta tafi da yara huɗu, har da waccan. Ta faɗa ne tana kallon ƙwarya, idonta a bushe. Kaka ta fashe da kuka, ta ce ta zo neman gafara ne kan abin da ta yi mata a gaban mutane.

"Sai Adama ta ce mini, 'Inna, tun da anka haife ta har anka rufe ta, sau ɗaya bakina ya kama sunanta. Ke kinka sa ni.' Ta ƙara mini fura." Kaka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu yara da ba mu san komai ba. "To ku gaya mini, zargi ne ko godiya?"

Ta koma rumfarta washegari, ta ci gaba har ƙafa ta kayar da ita, amma ba ta ƙara ba mu labarin makarantar ba.

Makarantar tana nan har yau, da ginin bulo da yara masu kayan makaranta. In ana bikin tunawa da kafa ta akan karanta tarihi, a ambaci Kaka da allunan katako, ba a ambatar wannan. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji shi daga bakinta, kuma na gaji da ɗaukarsa. Da ina budurwa na yanke cewa zargi ne, na ce darasin shi ne kada ka taɓa al'adar da ba taka ba don kawai zuciyarka ta yi zafi. Da na haifi nawa, na ji yadda sunan ɗa yake cika baki, sai na koma na ce godiya ce. Yanzu na tsufa, na bar yanke hukunci, don ina jin Adama ma ba ta rarrabe ba. An kunyata ta, wannan gaskiya ne, kuma Kaka ce ta yi. Sai dai duk shekarun nan muna ta auna abin da tsohuwa ta yi da abin da uwa ta ji, ba wanda ya tuna da ta ukun. Yarinya ce 'yar shekara huɗu, tana tsaye cikin taro, ta ji sunanta da muryar da ba ta taɓa jin sa da ita ba. Ita kaɗai ta san ko ya yi daɗi, kuma ba mu tambaye ta ba.