Katifar Iya

Tun da bayana ya fara wannan ciwo, duk sanda na kwanta a kan katifar da ɗana ya sayo mini na lumshe ido, sai Funtua ta ɓace mini, in ji ƙamshin garinmu Tsiga a hancina, hayaƙin karan auduga da gyaɗa a cikin toka. Katifar tana da laushi ƙwarai, kuma laushin nan ne yake cutar da ni. Wata uku na yi ina kasa buɗe baki in faɗa masa. Shi ya sa nake yawan tuna Iya.

Iya kakata ce, ita ta haifi babana. 'Yar ƙaramar mace ce mai dogon wuya, kullum yatsunta fari fat da alli saboda kaɗi, mazarinta yana juyawa ko tana faɗa ko tana dariya. Gadonta na ƙasa ne, an gina shi jikin bango, an yi masa rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi idan sanyi ya shigo. Tabarma ɗaya ce a kai, sai buzu. Takan ce wannan gado ya san kowane ƙashi na jikinta da sunansa. A gindinsa muke taruwa da an yi magariba an ci tuwo, mu jikoki, mu miƙa ƙafafu wajen ramin, ɗumi yana hawowa a hankali har ya kai mana ido.

Sai wata shekara auduga ta yi kyau. Baba ya kai tasa Funtua, ya dawo a saman babbar mota da gadon ƙarfe da katifar soso, irin wadda ba a taɓa gani ba a unguwarmu. Mata suka yi ta shigowa suna danna ta da yatsa suna salati. A ranar ya sa aka rushe gadon ƙasa, aka kwashe ƙasar da kwando, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Iya tana tsaye a bakin ƙofa da mazarinta a hannu. Ta ce, "Allah ya yi albarka," tana kallon wani wuri daban, domin Baba ɗan farinta ne, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba. "Uban waɗannan" take ce masa.

Daga nan wuta ta koma tsakar gida. Mukan hura ta da karan auduga a ƙofar ɗakin Iya, mu binne gyaɗa a toka, Baba kuma yana can gindin rumbu a kan tabarmarsa, rediyo a kunne ƙasa-ƙasa, yana jiran kiran isha'i. Iya tana da hanyarta ta buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata can tafe da kayanta a ka." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta sauke a nan!" Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma a wannan shekara akwai guda ɗaya da ta yi ta dawowa, har muka fara mita.

Wai wata tsohuwar kunkuru ce take da ɗa, ya tafi ci-rani garin tsuntsaye. Can ya ga yadda suke kwana a kan gashi da audugar rimi, sai tausayin uwarsa ya kama shi, ita da take kwana a kan tsakuwa tun da aka halicce ta. Ya yi ta tsintar gashi ɗaya-ɗaya, na kurciya, na zabo, na balbela, har ya tara abin da ya isa, ya ɗauko a ka ya kawo gida ya shimfiɗa mata. Tsohuwa ta hau, gashi ya lotsa, ta yi gefe, ta kife a kan bayanta, ƙafafu huɗu a sama. Ta yi ta wutsil-wutsil, babu abin dafawa, ko'ina laushi.

A nan muryar Iya takan yi sanyi, mazari ya rage gudu. Ta ce tunda tsohuwar nan take, ƙasa kawai ta sani, sai yau ga ta tana kallon sama. Ta ga taurari sun fito kiwo, farin wata yana biye da su da sandarsa. Ta ga gajimare yana wucewa da ruwan wani gari a cikinsa. Abin ya yi mata kyau, bayanta kuma yana ta zugi. Wata ya leƙo ya ce, "Inna, me kike yi a haka?" Ta ce, "Kallonka nake yi." Ya ce, "Ki kira ɗanki mana." Ta ce, "Yaron da ya tsinto gashi ɗaya-ɗaya?" Wata ya wuce abinsa. Mu kuma sai mu ɗaga kai, mu ga watan nan dai a saman rumbu, tartsatsin wutarmu yana tashi wajensa.

Da asuba sai tururuwa su zo su taru su juya ta kafin ɗan ya iso. Ya durƙusa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau." Ya tafi yana murna. Haka kullum, haka kullum, har ranar da damina ta kori tururuwa suka yi ƙaura.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Tana nan kwance," in ji ta. "Tana jira a tambaye ta sau biyu."

"Shi ke nan? Yo ita ba ta da baki ne?" Ni ce na faɗi haka, don tun ina ƙarama bakina ba ya shiru.

"Ke, ci gyaɗarki, uwar surutu. Na ajiye ta a nan, mai so ya ɗauka."

Na tuna abu biyu da ban ba su muhimmanci ba a lokacin. Wannan tatsuniya Iya da ƙarfi take yin ta, fiye da sauran, fuskarta kuma tana wajen rumbu. Rannan har Baba ya ji, ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan kunkuru akwai wauta," ya ƙara muryar rediyo. Na biyun kuwa, kowace safiya sai Iya ta ƙwala mana kira ni da yayata, "Ina tururuwana?" Mu ruga mu kama hannuwanta mu jawo ta daga ramin da katifar ta yi a tsakiya, muna ƙyalƙyala dariya, mun ɗauka wasa ne. Tana gama gyara ɗaurin kallabi Baba zai zo ya durƙusa a bakin ƙofa. An tashi lafiya? Lafiya lau. Ya katifa? Sai godiya.

Ban ce katifa ce ta lanƙwasa Iya ba, tsufa ma ya yi nasa aikin. Amma na san a shekarun nan ta koma tafiya da sanda, daga baya ta daina fita ko suna, ta daina zama da mu a bakin wuta sai dai mu ji muryarta daga ɗaki. Baba kuwa har ya koma ga Allah yana alfahari da cewa shi ya ɗaga Iya daga ƙasa. Yana ƙaunarta, wallahi yana ƙaunarta. Amsar farko kawai ya riƙe, ita kuwa amsar farko a wurinmu gaisuwa ce, ko mutum yana kan gadon asibiti lafiya lau zai ce.

Yanzu ga ni, na haura hamsin, shekara talatin ina taka keken ɗinki. Likita a Malumfashi ya ɗaga hoton bayana ya nuna mini da biro. Ya ce tsakanin kowane ƙashin baya da ɗan'uwansa akwai wani abu kamar gammo, nawa guda ɗaya ya zame ya danne jijiya, shi ya sa zafin yake tasowa daga ƙugu ya bi ƙafar hagu har babban yatsa. Ya ba ni magani, ya koya mini motsa jiki, sannan ya tambaye ni a kan me nake kwana. Na ce katifa mai kyau. Ya ce ba kyanta ya tambaya ba. Idan mai laushi ce sosai, ƙugu zai nutse, baya ya kwana a lanƙwashe. Idan kuma ta yi tauri kamar daɓe, kafaɗa da ƙugu za su sha wuya. Tsaka-tsaki ake so, mai ɗan ƙarfi, wadda za ta tallafe ni ba ta haɗiye ni ba, in sa matashi tsakanin gwiwoyi idan na kwanta ta gefe. Ya ce kada in yarda a zaɓa mini, in je da kaina in kwanta a kai. Ya kuma ce idan ƙafar ta ci gaba da yin sanyi, to za a fara maganar aiki.

Na dawo gida na ajiye maganar a cikina. Ai Kabiru ya riga ya sayo. Shi ne ɗana na fari, "Baban Ummi" nake ce masa. Da ya ji bayana yana ciwo sai ya zaga shagunan Funtua ya zaɓo wadda ta fi kowace kauri da laushi, ya ɗauro ta a saman babur mai ƙafa uku, ya shigo da ita yana gumi yana murmushi. Wa zai kalli wannan fuska ya ce a mayar? Na ce Allah ya yi albarka. Kullum da safe yakan biyo kafin ya wuce aiki, ya gaishe ni, in ce lafiya lau, alhali sai na dafa bango na yi minti nawa kafin in miƙe. Salla ma a kan kujera nake yi. Tsoron wuƙar likita yana raina, kunyar ɗana tana bakina.

Ran Juma'ar da ta wuce ya zo da 'ya'yansa da yamma. Aka ɗauke wuta bayan magariba, muka fito tsakar gida muka kewaye murhun gawayi. Ummi ta ce in yi musu tatsuniya. Ban yi shawara da kaina ba, sai na ji bakina yana cewa ga wata can tafe da kayanta a ka. Na kai wurin gashin kurciya, na kai wurin taurari, sai na lura muryata tana ta ɗaguwa, fuskata kuma ta juya wajen Kabiru, wanda yake can gefe yana danna waya. Da na zo wurin tururuwa ya yi dariya, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Wannan kunkuru da ban haushi take."

Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da tatsuniyar nan a matsayin labarin wata wawuyar dabba, sai a wannan lokaci na ji ta yadda Iya ta faɗe ta. Ba mu take yi wa ba. Mu dai mun ci gyaɗa. Tausayinta ya cika mini ƙirji, da na Baba, wanda aka yi ta kira shekara da shekaru bai san da shi ake ba.

Na ce, "Kabiru."

Ya waiga bayansa, yana neman mai kiran. Tunda aka raɗa masa sunan nan bai taɓa jin sa a bakina ba.

"Kai nake kira. Katifar nan tana kashe ni."

Ya ajiye waya a ƙasa, ya taso ya durƙusa a gabana. "Umma! Don Allah me ya hana ki faɗa? Kullum fa sai na tambaye ki."

"Sau ɗaya kake tambaya," na ce. Na ga bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba, don hawaye sun riga ni.

Washegari ya kai ni shagon katifu. Ni da hijabina, uwar mutane, na cire takalmi na hau katifa a gaban mai shago da masu wucewa. Kunya kamar in nutse, amma na kwanta. Na yi gefe, na yi rigingine, na jira bayana ya yi magana. Ta farko ta haɗiye ni. Ta biyu ta yi dama-dama, ta riƙe mini ƙugu. Mai shago ya ce, "Hajiya, ga ta masu ciwon baya nan, ita ce gangariya," ya nuna ta uku. Na hau na kwanta ina kallon silin, sai ga Kabiru ya sunkuyo.

"Umma, ya kika ji?"

"Lafiya lau," bakina ya faɗa da kansa.

Mai shago ya fara kiran a kawo igiya. Kabiru ya ɗaga masa hannu. Ya tsuguna daidai kaina, ya rage murya.

"Umma. Ya kika ji?"

Na rufe ido. Na ji hayaƙin karan auduga, na ji mazari yana juyawa a wani wuri kusa. Na ce, "Ta yi tauri. Mu koma waccan ta biyun."

Ya kama hannuwana biyu ya tashe ni a hankali. A raina na ce, Iya, an juya tsohuwar kunkuru.