Ranar da Motar Baba Ta Zama Jirgi

A daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, wata safiyar Litinin cikin watan Agusta, na zauna a kujerar gaba ta tsohuwar landirobar Baba, sanye da farar rigar da Mama ta ɗinka mini da hannunta, na ƙanƙame fensir da rula kamar wani zai ƙwace. Argungu za mu. A can ne masu jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata za su zauna yini guda, domin ruwa ya hana su ƙarasowa Birnin Kebbi kamar yadda suka saba. Wadda ta rasa wannan rana sai baɗi, ni kuwa kafin baɗi shekaruna sun wuce waɗanda ake ɗauka. Manyan motoci duk sun daina bin hanyar, an ce fadama ta cika ta haye ta bayan Zauro. Baba ya murɗa handul, injin ya yi tari ya kama, ya dube ni ya ce, "Saratu, yau za ki ga aikin ubanki." Na kuwa gani.

Mu mutanen kudancin Zazzau ne, aikin kafinta ya kawo Baba Birnin Kebbi tun ban iya tafiya ba. Motar kuwa daga hannun wani Bature mai duba rijiyoyi ta fito, lokacin da zai koma ƙasarsu, kuma ta riga ta sha duniya. Ƙofa ɗaya da waya ake ɗaure ta, tantin bayanta duk faci, idan ta tashi sai kajin unguwa su watse. Baba bai taɓa kai ta wajen makaniki ba, wai shi mutumin da ya iya haɗa tebur ba zai kasa haɗa ƙarfe ba. Kowace Asabar tsakar gidanmu takan koma gareji. Nakan share gida, in ɗebo ruwa a rijiya, in surfa gero, sannan in zauna gefen ƙafafun Baba da suka leƙo daga ƙarƙashin mota ina miƙa masa sufana. Abin da ya fi ba Mama haushi shi ne yadda kayan girkinta ke ƙarewa a cikin motar nan. Tankin mai ya tsage, sabulunta ya tafi liƙi. Lagireto yana yoyo, aka zuba masa garin kuka. Rariyarta sabuwa ta koma matatar fetur. Takan tsaya a bakin madafa ta ce, "To, saura tukunyar, ka ɗauka ka huta." Duk da haka ranar Lahadi ita ce farkon shiga idan za mu coci, kuma da kaka motar ce ke kwaso wa maƙwabtanmu shinkafa daga gona, har albasa ta sha ɗaukowa daga Augie. Mu yara kuma ita ce maɓoyarmu in ana wasan ɓuya.

Tun da aka fara maganar ambaliya Baba ya shiga shirya ta don ruwa. Ya buge garwar kananzir ya yi dogon bututu ya ɗaga wurin da injin ke shan iska har saman gilashi, ya ƙara wa salansa tsawo, ya naɗe wayoyin fulogi da tsohuwar robar keke da kakin zuma. Wannan duk daidai ne. Sai dai ya ƙara da wata dabara da ya gani wajen abokinsa Arzika, mai sassaƙar jiragen ruwa. Yadda Arzika ke cusa tsumma da kwalta a tsagar jirgi, haka Baba ya bi ƙasan motar da gefen ƙofofi da marfin baya, bai bar ramin da allura za ta shiga ba. Dalilinsa guda ne, kada ɗigon ruwa ya taɓa rigar jarrabawata.

Da muka wuce Zauro sai hanya ta ɓace. Ruwa ne ja shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kawunan shinkafa na leƙowa, manoma na ta aiki a ciki, wasu a jirgi, wasu ruwa iya ƙugu. Baba ya sa giyar taimako, wadda ke sa tayoyin huɗu duka su ja, muka shiga a hankali. Injin bai mutu ba, ƙafafuna a bushe, Baba har ya fara waƙar coci. Can tsakiya sai na ji motar ta yi sakayau. Bayanta ya ɗaga, tayoyi na juyawa a banza, sitiyari ya daina jin magana, muka fara karkata zuwa inda ruwa ke gangarawa. Ashe Baba ya toshe ta da kyau har ta tashi bisa ruwa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ba nutsewa nake tunani ba, jarrabawar nake gani tana wuce ni.

Wani dattijo da ke cikin shinkafa ya ƙwala ihu, "Kai mai mota! Wagga mota ta ko jirgi na? Buɗe ƙohwa ruwa shi shiga!" Baba ya dubi rigata, ya dubi ruwan, sannan ya sa kafaɗa ya bankaɗe ƙofa, ya ɓalle aikin da ya kwashe makonni yana yi. Ruwa ya kwararo mana har cinya, mai sanyi, da ciyayi da 'yan kifaye. Manoman suka yar da kayan aikinsu suka taho, wasu suka ɗare baya don su ƙara mata nauyi, wasu suka sa ƙirji suna turawa suna yi wa Baba tsiya. Motar ta zauna, tayoyi suka kama ƙasa, ta fita da mu tana nishi.

A kan tudu na sauko ina kuka, farar riga ta koma kalar laka. Wata mata mai tallan fura ta tambayi abin da ya faru, Baba ya gaya mata. Ba ta yi dogon zance ba, ta warware zanen da ta yi gammo da shi, baƙin saƙi busasshe, ta ja ni bayan wata bishiya ta ɗaura mini. "Tahi, ɗiyata," in ji ta, "karatu ba shi dubin riga." Da wannan zanen na zauna cikin 'yan mata masu fararen kaya na rubuta jarrabawa ina warin fadama, kuma na ci. Da muka dawo washegari mun neme ta ba mu same ta ba, babu kuma wanda muka san sunansa cikin waɗanda suka tura mu.

Yanzu an yi kwalta, motoci masu sanyi na wuce wurin kafin ka gama gaisuwa, in ɗaya ta lalace sai a kira makaniki a waya. Baba ya daɗe da rasuwa, motar ma 'yan gwangwan sun kwashe ta. Ni kuwa na zama ungozoma, na yi shekaru ina karɓar haihuwar matan fadamar nan. Duk wadda ta ce mini daga wajen Zauro take, sai in ƙara riƙe hannunta da kyau, don ban san ko jikar wa ce ba. Godiyar da ban samu yi wa iyayensu da kakanninsu ba, su na yi wa.