Zagaye biyu, ban yi rawa ba

Mai sanarwa ya ce 'yan ƙabilar Bajju su fito rawa, na miƙe da ankona, sai wata tsohuwa ta riƙo hannuna. Bikin 'yar kawuna ne fa, a Narayi.

"Baturiya, ki jira. Za a kira baƙi."

Mamata Bajju ce, babana ɗan Indiya ne da ya yi aiki a masaƙa a Kakuri. A nan aka haife ni.

Na ce, "Mama, ni ma 'yar gida ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, wa kika biyo?"

Wallahi sai na koma na zauna. Da aka kira baƙi ma ban tashi ba.

Jama'a, ku gaya mini, a wane zagaye ya kamata in fito?