Dunƙulen Leda a Kan Teburina

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina sayar da abinci a kasuwar Tarka, ban da ranar da wani makiyayi ya dire mini dunƙulen leda a kan tebur. Rumfata a bakin kasuwar dabbobi take. Ƙosai nake yi da safe, da rana tuwo. Duk wanda ya saya in ƙulla masa a baƙar leda, ya ci ya yar, iska ta kwashe. Ban taɓa tambayar inda take kai ta ba.

Mutumin dogo ne, rawani har hanci. Bai yi ciniki ba, sai ya ajiye wani abu baƙi mai wari, ya kai girman ƙwarya. Ya ce, "Uwar gida, daga cikin tunkiyata mahauci ya ciro wannan. Ciki gare ta."

Ni kuwa bakina ba linzami. Na ce, "To ni kaɗai ke da leda a duniya?" Sai ya dubi ƙarƙashin rumfata, ni ma na duba, ga leda nan birjik. Wallahi kunya ta rufe ni. Kafin la'asar magana ta kai ga sarkin kasuwa, ya zo ya ce in ya sake ganin shara a nan kasuwa mai zuwa, zai mayar da ni bayan tasha, inda ko ƙuda ba ya leƙawa. Da rumfar nan kuwa nake ciyar da gidana.

Da na faɗa wa uwar mijina, dariya ta yi. Ta ce, "Mu a ganyen kalgo muka sayar da ƙosai tun ba a haife ki ba." Muka shiga daji muka tsinko, muka wanke. Ranar kasuwa masu saye suka yi ta tsokanata, wai yau na mayar da su awaki, amma suka cinye ƙosan tas. Da yamma sai ga tulin ganye mai maiƙo, da ɓawon albasa da ragowar tuwo. Sarkin kasuwa ya tsaya a kansa ya ce, "Leda ta tafi, shara ta zauna."

Muna cikin haka sai ga makiyayin nan da buhun kashin awaki a kan jaki. Ya ce a haƙa rami a bayan rumfa, a shimfiɗa ganyen, a bi da kashi da toka. "Ruwan wankin wakenki a nan za ki riƙa zubawa. Ƙasar nan tamu busasshiya ce, in ba laima ba abin da zai ruɓe." Sarkin kasuwa ya ga an rufe rami, ya gyaɗa kai ya wuce.

Kafin damina ramin ya ba ni taki baƙi wuluk, na zuba wa kuɓewata. Miyar farko makiyayin na fara zuba wa, na gaya masa daga ina ta fito. Ya yi dariya har rawani ya zame. Sai ranar bakina ya iya ba shi haƙuri a kan tunkiyarsa.

Rumfata tana nan har yau, rami na uku nake cikawa. Na koyi cewa duk abin da na naɗe wa mutum abinci a ciki, akwai inda zai ƙare. Gara ya ƙare a gonata da ya ƙare a cikin dabbar wani.