Yatsan Nasrullahi

Ranar Talata, 8 ga Yuli, 2025, ina shanya wanki Tizhe makaɗinmu ya kira ni ya ce Nasrullahi ya rasu. Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa.

Nasrullahi, ni ce Dorathy, mawaƙiyarka mai tsiwa. Mu uku muka kafa ƙungiyar Tattaki a shagonka na gyaran rediyo, kuma kuskurenka ne ya haife ta. A 1998 ka bi ni garinmu Vimtim ka ɗauki muryar mamata tana waƙar niƙa, ashe batirin rakodarka ya kusa mutuwa. Da muka kunna kaset ɗin a Mubi sai muryar ta fito siririya, tana gudu kamar ta 'yar yaye. Na zage ka tas. Sai ka cire murfin rakodar, ka ɗora babban yatsa a kan abin da ke juya zaren. Sai ga Mama sak. Ka ƙara dannawa, muryar ta yi nauyi, Tizhe ya bi ta da ganga a hankali.

Mutanen kasuwar shanu suka ce kiɗan majinyata muke yi. Daga baya wani malamin kwaleji ya ce Turawa na kiran irinsa trip-hop. Ka ce, "To su kira, mu dai batir ne ya koya mana." Yau rabin yaran situdiyo a garin nan tafiyarka suke kwaikwayo, kaɗan ne suka san sunanka.

Bayan rasuwar Mama, duk shekara nakan kawo kaset ɗin, ka ajiye aikin mutane ka dawo mini da ita na minti tara. Sau nawa ka ce, "Kawo in juye miki a waya, 'yar'uwa," ina cewa sai baɗi? Zaman shagon nake so, ban taɓa faɗa maka ba.

Jiya na gwada kaset ɗin da nawa yatsan. Na danna muryar ta shaƙe, na sassauta ta gudu. Tizhe ma ya kasa. Ba ni da sauran ƙarfin zuciya, gawa biyu nake kuka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka Adawiyya da 'ya'yanka haƙuri. Adawiyya, kada ki aiko mini da rakodar nan. Ba ita ce ke yin aikin ba.