Hankicin Maman Toma

Ƙarfe bakwai na safe take isowa Kasuwar Muda Lawal daga Yelwa, a da a bayan acaɓa, yanzu a Keke Napep. Sunanta Dorcas, amma duk layin 'yan yadi Maman Toma muke ce mata. Kafin ta buɗe rumfarta sai ta bi masu yadi ɗaya bayan ɗaya. Takan shinshina farin yadi, ta zare sili ɗaya daga bakinsa, ta ƙyasta ashana. In silin ya zama toka, auduga ce, ta saya. In ya dunƙule kamar ƙaro, akwai leda a ciki, ta wuce.

"Maman Toma, wata rana sai kin ƙone mana kasuwa," in ji Alhaji Mansir mai yadi.

"In kayanka na gaskiya ne, Alhaji, 'yar toka kawai za ka share."

Shekara ashirin da shida ke nan ana wannan wasa tsakaninsu.

Ni gyaran keken ɗinki nake yi, kuma ni ke kula da baƙin kekenta na ƙafa tun yana sheƙi. Abin da take ɗinkawa ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ba riga, ba zane, sai 'yan ƙyallaye masu kusurwa huɗu, ciki fari mai laushi, baya atamfa. Kuma duk gidan da aka yi mini iso in shiga gyara, daga cikin gari har Gwallameji, sai in gan su jere a igiyar shanya kamar tutocin bikin makaranta. Na yi shekaru ina tausaya wa matan Bauchi, ina cewa wace irin mura ce haka ba ta sakinsu. Ranar da na miƙa hannu a rumfarta zan ɗauki ɗaya in goge baƙin mai, Maman Toma ta buge mini yatsu.

"Malam Ya'u, wannan ba na hancinka ba ne!"

Mai ɗakina A'i ce ta warware mini, bayan ta gama dariya har da hawaye. Kunzugu ne, na jinin al'ada. Sannan ta daina dariya, ta ce, "Ka tuna shekarar da Aishatu ta kusa barin makaranta?"

Na tuna. 'Yarmu ce ta fari, tana aji huɗu na sakandare a lokacin. Duk wata sai ta yi kwana biyar ko shida a ɗaki, tana tafiya tana buɗa ƙafafu, ba ta cewa komai. Ni da ƙaramin sanina na ɗauka iska ce, har rubutu na karɓo mata. Ashe audugar mata ta kanti ce jikinta ba ya so. Turaren da ke cikinta da ledar samanta, ga zafin Bauchi, ga wuni guda a aji ba a canza ba, sai ƙaiƙayi da ƙuraje, fata ta saɓule. Uwarta ta mai da ita kan amfani da tsumma irin na dā, abin ya ƙi, domin tsumma a ƙarƙashin gado ake shanya shi don kunya, ya yi kwanaki bai bushe ba.

A'i ta ce da ta kai ta wurin Maman Toma, sai Maman Toma ta zaunar da yarinyar a bayan labulen rumfa, ta ce, "'Yata, ba ke kaɗai ba ce. Wasu audugar kanti ba ta yi musu komai, wasu kuwa tana cin su. Ni ma ta ci ni." Ta ba ta guda takwas. Ta ce a canza kafin ya jiƙe sharkaf, a wanke da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shanya a tsakiyar rana.

"A tsakar gida, Mama? Baba fa?"

"Babanki zai ce hankici ne. Na san shi."

Ta san ni kuwa.

Dabarar ke nan gaba ɗayanta. In an ninke ƙyallen uku aka ɓalla maɓalli, ya yi aikinsa. In an ware shi, hankici ne a idon kowane namiji. Ba ta yi wa kowa wa'azi a kan kunya ba. Ta bar kunya a inda take, ta nema wa ƙyalle hanyar fita rana. Aishatu ba ta sake fashi ba, yau ita ke koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata.

Maman Toma, ke ce likitar da ba ta taɓa kiran kanta likita ba. Matan layin nan sun shaida cewa in mace ta zo miki da gyambo, ko wari, ko zazzaɓi, ba kya ba ta ƙyalle ki sallame ta. Kina rufe rumfa ki raka ta asibiti da ƙafarki. Mai ɗinkin da ba a yi wa guɗa, kin tufatar da rabin gari ba wanda ya taɓa cewa kayan sun yi kyau.

Bana yanar ido ta rufe wa Maman Toma gani. Zaren da take zurawa a allura tana hira, yanzu sai ta yi ta lalube. Ɗanta Toma ya ce ƙarshen watan nan za ta huta. Tun bara take neman wadda za ta koya wa aikin. 'Yan mata sukan zo, su ji abin da ake ɗinkawa, su ce za su dawo. Kowa na son a ce ita ta ɗinka rigar amarya, ba mai son a kira ta mai ɗinkin kunzugu. Na fara ganin igiyoyin Bauchi a zuciyata ba 'yan tutocin nan, ƙyalle ya koma ƙarƙashin gado.

Talatar da ta wuce na je in ɗiga wa keken mai na ban kwana. Tun daga nesa na ji ana taka shi, taku marar daɗi, kamar jaki a kan kwalta. Na ɗaga labule, sai ga A'i a kan kujera, da tabarauna a hancinta.

"Me kike yi a nan?"

"Abin da ka gani. Ni na wuce shekara sittin, wa zai yi mini gori?"

Ɗinkin ya karkace kamar sawun maciji. Maman Toma ta shafa shi da yatsa, ta ce zai miƙe. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta ciro kwalin ashana, ta danƙa wa A'i a hannu.

"Keke kowa na iya takawa, Yaya. Wannan ce sana'ar. Kada Alhaji Mansir ya yi miki daɗin baki."

Mun gode, Maman Toma. Allah ya ba idon nan sauƙi, ya saka miki da abin da bakinmu ya ji nauyin roƙa miki a fili. Matan da ke da keke a ɗaki, rumfar na nan, akwai kujera ta biyu, gyaran keke kuma a wuyana. Mu kuma maza, in kun ga hankici a igiya, ba naku ba ne. Ku bar shi ya sha rana.